Kurege da Masara Mai Launi Uku

Ku matso kusa, ku bar ture-turen nan. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wani gari ne aka yi, a cikinsa akwai gidan tarihi da aka gina don yara kawai. A gidan tarihin manya, ka taɓa abu a daka maka tsawa. Nan kuwa taɓawar ce ma aikin. Mai kula da gidan wata mace ce, Malama Azumi, ba ta da faɗa amma ba ta mantuwa. Mai gadi kuwa Kurege. Kada ku tambaye ni wanda ya ba Kurege gadi, ni ma da ina wurin da na hana.

Kurege yana son aikin nan kamar ransa. Ga inuwa, ga hular gadi, ga kunun gyaɗa kullum safiya, ga yara suna ce masa Baba Kurege. Shi da a da kowa ya gan shi sai ya sunkuya neman dutse! Tsoronsa a duniya ɗaya ne, kada a karɓe hular nan ya koma bakin gona ana jifansa.

Rannan sai ga kaya sun iso daga ƙetaren teku, daga wani ƙauyen mutanen Zafotek da ke bisa duwatsun ƙasar Meziko. Sun aiko ne don yaran garin su ga yadda suke zamansu. Sai aka kafa irin ɗakinsu a tsakar gida. Aka sa dutsen niƙa mai ƙafa uku, da kasko mai faɗi kamar faifai, da masaƙa da zaren gashin tumaki. Daga ƙarshe aka jera ƙorai uku na masara, ja da rawaya da shuɗiya. Shuɗiya fa na ce muku!

Malama Azumi ta ce, "Kurege, komai na gidan nan yara su taɓa, ban da masarar nan. Iri ne. Nan da kwana bakwai tsohuwar da ta aiko shi za ta zo da kanta. Za ta dafa kaɗan mu ga yadda suke yi, saura yara su shuka."

Kurege ya dafa ƙirji. "Malama, ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba."

Da rana ta take, yara suka tafi gida, Malama ta shiga sallar azahar. Sai Kurege ya zauna gaban ƙwaryar jar masara. Ya dube ta, ya kau da kai, ya sake dubanta. Sai ya ce, "Mai gadi ai dole ya san ɗanɗanon abin da yake gadi. Ƙwaya ɗaya tak."

Ƙwaya ɗaya ta kira 'yar'uwarta. Kafin Malama ta shafa addu'a, Kurege yana lasar gindin ƙwarya.

Sai hankalinsa ya tashi, ya dafe hula da hannu biyu. Ya ruga ya samo farar masara irin tamu, ya kai wa dukawa, suka jiƙa masa ita da karan dafin da suke rina fata. Ya shanya a kan katanga, ya juye a ƙwarya.

Da safe yara suka ce, "Baba Kurege, yau masarar ta fi jiya ja!"

Ya ce, "Iskar garinmu ce ta karɓe ta."

Kwana biyu ya daure. Rana ta uku sai ya ce ai rashin adalci ne a ɗanɗana ja a bar rawaya. Ƙwaya ɗaya tak. Kun dai san sauran. Wannan karon gangamau ya nemo ya kwaɓa, ya mulke farar masara da shi har ta yi ɗorawa shar.

Yara suka ce, "Baba Kurege, masarar nan ƙamshin miya take yi!"

Ya ce, "Ranar garinmu ce ta fito mata da ƙamshi. Ku matsa can ku yi saƙa."

Saura shuɗiya. Kurege ya rantse ya maya, ya juya mata baya, har ya toshe hanci da auduga. Ina! Washegari da azahar sai ga shi a marina, rungume da buhun farar masara, yana haki gaban wani marini, Jatau.

Jatau ya leƙa buhu, ya dubi Kurege. Ya ce, "Shekarata arba'in a bakin ramin nan. An kawo mini riga, an kawo rawani, ba a taɓa kawo mini masara ba."

"Sabon yayi ne, Malam Jatau. Tsoma kawai."

"To idan ta bushe, a kai maka ita bugu ta yi ƙyalli?"

"A'a, a'a, bar ta haka!"

Ran nan yara ba su gane komai ba, don rinin Jatau ba na wasa ba ne. Kurege ya gyara zaman hula, ya ce a ransa an wuce wurin.

Rana ta bakwai sai ga tsohuwa ta iso, 'yar gajera, da kitso biyu har baya. Sunanta Fetrona, yara suka laƙaba mata Gwaggo nan take. Da wane yare suka yi magana? Kai, wannan yarinya da tambaya kike! A tatsuniya kowa yana jin kowa.

Gwaggo Fetrona ta ɗebi masara kaɗan daga kowace ƙwarya, ta zuba a tukunya. Kurege har da rawa, don a ganinsa da an dafa an cinye, magana ta mutu. Shi ya ɗebo itace, shi ya hura wuta har idonsa ya yi ja.

Abin da bai sani ba, mutanen dutsen nan ba sa niƙa masara haka kawai. Sai sun tafasa ta da ruwan farar ƙasa, ta huce, su murje ta a ruwa har fatarta ta saɓule. Sannan a niƙa, a tafa ƙullun a hannu ya yi fele-fele, a gasa a kasko.

To, Gwaggo ta sa hannu ta fara murza. Sai ruwa ya yi ja. Sai ya yi ɗorawa. Sai shuɗi ya taso ya haɗe su, ruwa ya koma kamar na kwata. Ta ɗago hannu, ga masara fara tas.

Yara suka ɗauki ihu, "Masara ta yi wanka! Masara ta yi wanka!"

Kurege ya yi gyaran murya. "Gwaggo, ruwan garinmu ne, ƙarfi gare shi."

Tsohuwa ba ta ko dube shi ba. Ta ɗauki ɗanya guda daga ƙwaryar shuɗiya ta fasa da haƙori. Ciki fari, harshenta shuɗi. Sai ta zauna a gefen dutsen niƙa. Ihu ya ɗauke.

Ta ce, "Tamu ko sau goma ka wanke ta, launinta yana nan. Shuɗiyar nan kakata ce ta ba uwata, uwata ta ba ni. Bara gonarmu ba ta yi ba. Abin da ya rage na raba biyu, na aiko wa yaran nan rabi."

Wallahi Kurege ya sha jifa a rayuwarsa, amma ba wanda ya taɓa yi masa zafin wannan magana. Kunya ta rufe shi. Ya faɗi komai, tun daga dukawa har Jatau. Malama Azumi ta miƙo hannu, ya cire hula ya ba ta yana hawaye.

Gwaggo ta ce, "Ɗana, duk ka cinye? Ko ƙwaya?"

Sai Kurege ya yi tsalle. "Na tuna! Shuɗiyar na binne cikin hannu guda, don gaba!"

"A ina?"

"Gindin darbejiya!"

Aka ɗunguma gindin darbejiya, ya tona, babu. Ya ce a'a, bayan katanga ne. Ya tona, babu. Ya ce to lallai bakin rijiya ne. Ya tona har ƙura ta rufe shi, sai wani tsohon takalmi ya fito. Yara suna dariya har da faɗuwa, shi kuwa ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya manta, 'yan'uwa, ya manta sarai.

Malama Azumi ta rataye hular a ƙusa bakin ƙofa. Ta ce, "Ga ta nan, ba zan ba kowa ba. Ranar da ka kawo masarar Gwaggo, ka zo ka ɗauka."

Shi ya sa har yau za ku ga kurege a bakin gona yana tona nan, ya bari, ya ruga ya tona can, ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu yana waige-waige. Masarar tsohuwar nan yake nema, manoma kuma suna ta jifansa. Don haka idan aka ba ku ajiya, kada ku ce ƙwaya ɗaya tak. Kuna iya rina abu ku rufe idon mutane kwana bakwai, amma mai shi yana zuwa.

Ƙurunƙus kan kurege, babu hula.