Zabuwa da Akushin Iya Bushiya

An yi wata Zabuwa a wani ƙauyen dabbobi da ke bakin rafi. Ba ta da mugun hali ko kaɗan, sai dai kunya ta yi mata yawa. Idan aka miƙo mata abinci, ko cikinta ya cika har wuya, ba ta iya cewa ta ƙoshi. Da haka jiki ya yi ta ƙara nauyi, har fukafukanta suka daina ɗaukarta.

Tana da maƙwabta biyu. Ta farko Fakara ce, siririya, ga baki ga fariya. Kullum maganarta ɗaya ce, wai ita duk abin da ta ci ba ya zama a jikinta. Ta biyu kuwa Iya Bushiya ce, tsohuwa mai hannun kyauta. Amma yadda jikinta yake da ƙaya, haka ranta yake. Ka ƙi cin girkinta, ka shiga uku.

'Yar Zabuwa ta fari tana aure a ƙetaren rafi. Rafin nan ba shi da gada, rani da damina kuma ba mai ratsa shi da ƙafa, sai dai mai fiffike ya tashi ya tsallake. Bara, ranar kai amarya, Zabuwa ta sheƙo da gudu ta buɗe fiffike, ta faɗa taɓon bakin ruwa tun ba ta je ko'ina ba. Aka wuce da 'yarta tana ji tana gani. Shekara guda cur ba ta sa ta a ido ba, kuma abin yana cin ta a rai.

Da watan azumi ya kama, sai ta ƙudura abu a zuciyarta. Ta rage cika ciki da buɗa-baki. Kowace safiya ta zagaya bayan gari, inda ba mai ganinta, tana gwada tashi daga wani suri zuwa gindin tsamiya. Ranar farko ta faɗi a kan hancinta. Amma kafin a ga watan Sallah, tana isa tsamiyar nan ba tare da ƙafarta ta taɓa ƙasa ba. Nisan wurin kuwa daidai yake da faɗin rafi. Ba ta gaya wa kowa ba, don tsoron kada a yi mata dariya.

Ranar Sallah, ana saukowa daga Idi, sai ga saƙo daga ƙetare: 'yarta ta ƙyanƙyashe 'ya'ya goma sha ɗaya, kuma suna rana ita yau.

Zabuwa ta rangaɗa guɗa. "Yarinyar nan ta haihu! Yarinyar nan ta haihu!" Ba ta faɗi sunanta ba, don kun san ba a kama sunan 'yar fari.

Fakara ta leƙo ta kan danga. "Barka, Yaya Zabuwa. To, wa zai goya ki ya tsallakar da ke? Ko taɓon bara za ki koma wa gaisuwa?"

Zabuwa ta juya ta shige ɗaki.

To, a ƙauyen nan Sallah mako guda ake yi. Kowane gida yana aika kwanon abinci zuwa kowane gida, kuma kwano ba ya komawa da saura. Wanda ya mayar da kwano da abinci a ciki, kamar ya zagi uwar mai gidan ne.

Kafin azahar tsakar gidan Zabuwa ta cika da kwanuka: ga dakuwa, ga alkaki, ga nakiya, ga kantun riɗi. Can sai ga Iya Bushiya da kanta, ɗauke da ƙaton akushi cike da soyayyar fara, mai yana naso, yaji yana tashi.

"Sauko ki ci da zafinta, 'yar nan. Tun asuba nake bakin kasko."

Miyau ya tsinke wa Zabuwa. Ta tuna rafi, ta tuna jikoki. Maimakon ta faɗi gaskiya, sai kunya ta sa ta yi ƙarya.

"Iya, cikina ne ke ɗan murɗa mini."

"Murɗa? Ɗazu na ji guɗarki har gidana. Mai ciwon ciki ne ke guɗa haka? Ki dai ce girkina ne ba ki so!"

"Wallahi ba haka ba ne, Iya."

"Haka ne mana! Shekara nawa kina lashe akushin nan? Yau kin yi jikoki, kin fi ƙarfin farar tsohuwa."

Fakara, da ba ta rasa inda ake rabo, ta faɗo gidan. "Kawo nan, Iya. Ni ba na wulaƙanta abincin manya." Ta zauna ta share akushin tas, ta haɗa da rabin alkakin Zabuwa, ta yi gyatsa. "Kun gani? Ko alama babu. Haka Allah ya yi ni."

Iya Bushiya ta ɗauki akushinta ta fita, ƙayoyinta a tsaye.

Washegari Zabuwa ta gaishe ta a hanya, Iya ta kau da kai. Wannan ya fi ƙarfin Zabuwa. Rana ta uku ta wanke ƙafa ta tafi ba da haƙuri. Sai Iya ta jawo akushi ta dire a gabanta.

Zabuwa ta ce a ranta loma uku za ta yi. Amma farar Iya ba ta san loma uku ba. Ta uku ta kira ta huɗu, ta huɗu ta kira ƙannenta. Da akushi ya ƙare Iya ta ƙaro, tana murmushi, Zabuwa kuma ta kasa cewa a'a. Da ta koma gida sai ta ce, tunda yau ta riga ta lalace, bari ta ƙarasa da nakiya.

Rana ta huɗu da safe ta je bayan gari. Ta hau suri, ta buɗe fiffike, ta tashi. Ko rabin hanya ba ta kai ba ta faɗo tim. Ta sake gwadawa, ta sake faɗowa. Ta koma gida tana jan ƙafa, ta zauna a tsakiyar kwanuka ta fashe da kuka.

Fakara ta shigo tana tsotsar yatsu. Da ta ji abin da ya faru, sai da ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ashe wahalar da kike ba kanki ke nan a ɓoye? Haba, Yaya! Tunda kin riga kin ɓata, ci abinki ki more Sallah. Ni zan je sunan, in gaishe miki da su. In na dawo zan ba ki labarin kamanninsu."

Maganar ta soki Zabuwa, amma ta ga kamar gaskiya ce. Wahalar wata guda ta tafi a yini ɗaya, to me ya rage? Ta jawo kwanon alkaki, ta buɗe murfi.

Daidai nan Iya Bushiya ta yi sallama, da wani akushin a kai.

"Me zan gani? Kuka ranar Sallah? Wa ya mutu?"

Wannan karon Zabuwa ba ta da ƙarfin yin ƙarya. Ta kwashe komai ta gaya mata, tun daga suri da tsamiya har faɗuwar safiyar nan.

Iya ta sauke akushi a hankali. 

"Amma ke dai an yi sakarya! Me ya hana ki gaya mini tun ranar farko? Ni na ɗauka raini ne. Ashe ni ce nake ɗura miki abin da zai raba ki da jikokinki, ina murna!"

"Kunya na ji, Iya."

"Kunyar me? Rufe kwanon nan! Cin yini ɗaya ba ya rushe aikin wata guda, sai in kin bi shi da na biyu da na uku. Cikinki ne ya yi nauyi, fiffikenki yana nan. Saura kwana huɗu, tashi ki wanke fuska."

Daga ranar Iya Bushiya ta zama mai gadin ƙofar Zabuwa. Ta bi gida gida tana shela: "Wanda zai kai wa Zabuwa abinci ya sa a ɗan ƙoƙo. Wanda ya kawo akushi, ni da shi ne!" Wa zai ja da ƙaya? Kowa ya bi.

Iya ba ta hana Zabuwa cin daɗi ba. Da safe takan dafa mata zogale da ganyen tafasa, ta ce ta fara da su ta sha ruwa. Bayan nan kowane ƙoƙo ta ɗanɗana loma biyu, ta yaba wa mai shi. Abin da ya rage kuwa, Zabuwa ta ɗauka da ƙafarta ta kai can ƙarshen gari, wurin tsofaffin da ba mai tunawa da su da Sallah. Kwanuka suka riƙa komawa a wanke, ba wanda ya ji haushi, ga lada ga motsa jiki. Ita ma farar ba a raba ta da ita ba. Kullum Iya takan ƙirgo mata guda biyar, ta tsaya a kanta har ta cinye.

Fakara kuwa ta samu abin da take so. Duk akushin da aka hana shiga gidan Zabuwa, gidanta yake sauka. Ta ci na safe, ta ci na rana, ta kwanta a inuwa, ta tashi ta ci na yamma. Mako guda ba ta buɗe fiffike ba ko sau ɗaya. Iya ta ce mata, "Ke, ki dai riƙa sassautawa." Ta amsa, "Iya, wannan wa'azin na masu ƙiba ne."

Ranar suna da hantsi, gari ya taru a bakin rafi. Ruwa ya cika yana gudu, ga taɓo baƙi ƙirin a gaɓar can.

Fakara ta ture kowa ta shiga gaba. "Ku matsa in nuna wa Yaya yadda ake yi. Ki buɗe ido da kyau!"

Ta sheƙa da gudu ta tashi. Da farko lafiya lau. Tana wuce tsakiya sai fiffike ya fara fat-fat, tumbi ya ce shi ƙasa ya nufa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ta yi ƙundumbala ta dira cikin taɓon gaɓar can, tsulum, har wuya.

"Wayyo! Ku cece ni! Iska ce ta buge ni!"

Iya Bushiya ta ce, "Iskar alkaki ba!" Wuri ya kaure da dariya.

Zabuwa ba ta yi dariya ba, don ta san ɗanɗanon taɓon nan. Ta tsaya tana kallon ruwan. Iya ta matso ta ce mata a hankali, "Kada ki dubi ruwa. Dubi can."

A can ƙetare, a kan tudu, ga 'yarta tsaye, ga wasu ƙananan abubuwa suna tsalle a gindinta.

Zabuwa ta yi bisimilla, ta ja da baya, ta sheƙo. Ta tashi. Ta wuce tsakiya, numfashi na neman ƙwacewa. Ta ga taɓo yana matsowa, ta ƙara bugawa ɗaya, ta ƙara ɗaya. Ta sauka a kan busasshiyar ƙasa da ƙirji, ta mirgina sau biyu. Saukar ba ta yi kyau ba, amma ta tsallake.

Kafin ta je wurin kowa, sai da ta jawo karan dawa ta miƙa wa Fakara, ta ja ta waje. Fakara ta fito tana ɗigar taɓo, bakin nan mai kaifi ya mutu murus. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, in mun koma gida, ki riƙa tashina in za ki bayan gari."

"In Allah ya kai mu," in ji Zabuwa.

Sannan ta juya. Jikoki goma sha ɗaya suka rugo suka kewaye ta, wannan ya hau baya, wancan ya shige ƙarƙashin fiffike. 'Yarta ta durƙusa ta ce, "Inna, kin zo." Zabuwa ta buɗe baki za ta amsa, hawaye suka riga maganar fita.

Darasin wannan labari shi ne, yara, biki ba ya hana mutum kula da cikinsa, kuma kula da ciki ba ya hana jin daɗin biki. Ku ci kaɗan daga abin da kuke so, ku raba saura, ku motsa jiki. In kuna da wani buri, ku gaya wa masu ƙaunarku gaskiya, don mai cusa muku abinci yau shi ne zai tsare muku ƙofa gobe in ya san dalili. In kun zame rana ɗaya, ku tashi washegari ku ci gaba. Wanda kuma yake fariyar cewa shi ci ba ya yi masa komai, ya tuna kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma taɓo ba ya tambayar wa ya fi siranta.