Gonakin da Juyi Bai Taɓa ba

An yi wani sarki a Tudun Marke, Mainasara sunansa, wanda ƙarar manoma a kan wani fili ta ishe shi. Ƙorama ta ratsa filin daga kusurwa zuwa kusurwa, gefe guda laka mai albarka, ɗaya gefen kuwa yashi wanda ko akuya ta gani sai ta yi tsaki. Wazirinsa Haliru, masanin lissafi, ya yanka filin murabba'i, yawan sahu daidai da yawan gonakin kowane sahu, ya kuma kafa al'adar juyi: kowace damina mai gona ta uku a sahu na biyu ya koma gona ta biyu a sahu na uku, haka kowa da kowa, domin wanda ya ci laka bana ya ɗanɗani yashi baɗi. Aka yi ta yabon Waziri har rawani ya so ya yi wa kansa kaɗan.

Ran nan fada ta cika, sai Sarki ya ce, "Ina da tambaya ga ma'abota ilimi. Su wane ne juyin nan bai taɓa ɗagawa ba?"

Malamai suka duƙufa suna zane a ƙasa. Haliru kuwa ya san amsar tun ranar da ya ja igiyar awo: wanda lambar gonarsa ta zo ɗaya da ta sahunsa, ko sau nawa aka juya yana nan daram. Gonakin nan su ne kan ƙorama, masu ruwa rani da damina, kuma kawunnansa da surukansa ya zuba a ciki. In ya yi shiru mutuncinsa ya tsira, in ya yi magana ya tona kansa a gaban masu zube masa.

Kunya ta rufe shi, ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ba ka nasara, dangina ne, ni na ajiye su da sanina. Ina roƙo a tashe su, a mai da gonakin waƙafi ga marayu."

Sarki ya ce, "Na sani, Waziri. So nake in ji ko iliminka zai ba da shaida a kanka."

Ya sa aka yafa masa alkyabba, ya umarce shi ya tafi da ita a jikinsa ya sanar da kawunnansa da bakinsa. Haliru ya fita kansa a sunkuye, ya gwammace bulala da wannan kyauta. Sarki ya bi shi da kallo, ya ce wa fadawa, "Adalcin da ya juya kowa ya bar gidan mai yanka filin a zaune, da sauransa."