Yadda Kwaɗo Ya Hau Dutsen Jawabi

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne!

Duk shekara bayan kaka dabbobin daji kan yi babban taro, amma ba kowa ke hawa dutsen jawabi ba. Mai son magana sai ya raɗa wa Aku abin da zai faɗa. Aku kuma ya kai wa alƙalai, Giwa da Kunkuru, da muryarsa, don kada su san mai maganar.

Kwaɗo ya gaji da ganin ƙishirwa tana kashe 'yan'uwansa kowane rani, ga shi ya san dabara. Amma da ya samu kunnen Aku, sai ya yi ta zuba: ruwa, fara, maciji, har tarihin kakansa.

Aku ya dawo ya ce, "Alƙalai sun ce kayan sun yi yawa. Zaɓi ɗaya, ka dawo baɗi."

Kwaɗo ya kumbura. "Don ni ƙarami ne, ko?"

"Haba ɗan'uwa, wa ya san kai ne?"

Sai ga Zaki ya wuce yana ƙunƙuni, shi ma an mayar masa da maganarsa. Nan take kumburin Kwaɗo ya sace.

Da shekara ta zagayo, abu guda ya raɗa: yadda ake gane tafkin da ba ya ƙafewa. Kunkuru na ji ya ce, "Wannan kowa na bukata!"

Ranar taro Kwaɗo ya hau dutse ya fara bayani. Daga sahun gaba Zaki ya ce, "Malam Kwaɗo, maimaita a hankali. Ni ma ina da 'ya'ya."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ba don Gizo ba da na shara muku ƙarya!