Ranar da Iska Ta Ƙare wa Bunu a Gangaren Kogi

Akwai wani direba a Haɗejiya mai suna Bunu, tun zamanin Turawa, saura 'yan shekaru a samu mulkin kai. A lokacin direbobin garin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, shi kuwa Bunu shi ne na gaba. Ya iya mota, wannan ba gardama. Matsalar ita ce shi ma ya san ya iya.

Wata shekara, wajen ƙarshen damina, maigidansa Alhaji Fannami ya sayo sabuwar babbar mota daga Kano. Ranar da ta shigo gari, kasuwa ta watse! Masu kifi suka bar kifinsu, mata suka leƙo ta kan danga. Ba girmanta ne ya fi ɗaukar hankali ba, kukanta ne. Da Bunu ya taka birki ya saki sai ka ji "fisss!" kamar kububuwa ta fusata. Jama'a su watse da gudu, su dawo suna dariya.

Birkin iska ne da ita. Duk motocin da Bunu ya tuƙa a baya masu birkin mai ne, waɗanda in birki ya yi sanyi sai ka tattaka shi ya dawo da ƙarfinsa. Bunu ya ɗauka duk ɗaya ne.

A bakin tasha akwai wani tsoho mai sayar da igiya, Baba Zarami. Tsohon soja ne, ya tuƙa manyan motoci a ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, ya dawo da ɗingishi da kunne ɗaya da ba ya ji sosai. Wata safiya ya taso da sandarsa ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa wani tanki da ke ƙarƙashinta.

"Malam direba, yaushe rabonka da zubar da ruwan tankin nan?"

Bunu ya ƙyalƙyale da dariya. "Ruwa a tankin iska? Baba, ko yunwa kake ji?"

"Saurara, ɗana," in ji Zarami. "Inji ne ke juya famfo, famfo ya tura iska cikin tankin nan. In ta cika, akwai abin da ke tsayar da famfon don kada tanki ya fashe. In ta ragu, ya sake tayar da shi. Allurar agogon da ke gabanka ita ke faɗa maka abin da ya rage. Duk takun da ka yi ka saki, iska ka zubar. Iskar damina kuma da raɓa take shiga, ruwa ya taru ya cinye wurin iska. Ranar da za ka gangara kogi da kaya, ranar za ta nuna maka."

"To, mun ji, Bature," in ji Bunu. 'Yan tasha suka fashe da dariya. Tsoho ya koma kan igiyoyinsa.

Bayan mako uku aka yi wa motar lodin gishiri da kananzir, za a kai mashigin kogi inda 'yan fito za su ƙetarar da su kasuwar tsallake. Mata 'yan kasuwa suka hau kan buhuna suna ta shewa, wasu ma ba abin da za su saya, shiga sabuwar mota kawai suke so.

Cikinsu har da mahaifiyar Bunu, Inna Kulu, wadda za ta je suna a tsallake. Shi ne autanta, ya kuma zaunar da ita a gaba don duniya ta gani.

Za su tashi ke nan ta hango Baba Zarami da damin igiya a ka, yana jan ƙafa zai tafi kasuwar da ƙasa.

"Auta, tsaya ka ɗauki bawan Allah nan."

"Inna, ba wuri."

"In ba wuri ni sai in sauka ya zauna."

Haka Bunu ya buɗe ƙofa yana cin magani. Zarami ya shigo ya zauna a tsakiya, idonsa ya sauka kan agogon iska. Allura ko rabi ba ta kai ba.

"Ɗana, ɗan jira ta cika."

Ina! Jama'a na tafi, mata na guɗa a baya. Bunu ya saka giya ya fizgi mota. Duk ƙauyen da suka ratsa sai mutane su fito bakin hanya suna ihu, "A sa ta ta yi kuka!" Shi kuwa ya tattaka birki, fisss, fisss, fisss, yana washe baki. Zarami dai allura yake kallo, tana ta yin ƙasa.

Sai ga gangaren kogi. Ba wani dogon gangare ba ne, amma mota cike take, ƙasa kuma ta jiƙe. Can ƙasa ga kogi ya cika ya batse, ga kwale-kwale a jere, ga mutane da jakuna cunkushe a bakin ruwa suna jiran fito.

Bunu ya taka birki. Motar ta ɗan rage gudu kaɗan, ta ci gaba da tafiya. Ƙafarsa ta yi abin da ta saba shekara goma sha biyar: ta shiga tattakawa. Fiss, fiss, fis... kukan ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɗauke. Allura ta kwanta.

"Innalillahi!" in ji Inna Kulu, ta dafe ƙirji. A baya shewa ta koma salati.

Zarami ya damƙe gwiwar Bunu da hannu kamar ƙarfe. "Ɗauke ƙafarka!"

"Baba, kogi!"

"Na ce ɗauke! Zubar da ita kake yi. Ba ta wuta, ka jefa ƙaramar giya!"

A ba mota wuta alhali tana gudu zuwa ruwa? Hankalin Bunu ya ƙi. Amma ya waiga ya ga fuskar mahaifiyarsa, sai ya bi. Ya taka totur, ya cusa giya, ta yi ƙara kamar za ta tarwatse, ta shiga. Inji ya kama ruri, motar ta yi tirjiya. Zarami ya kama birkin hannu da hannu biyu ya ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi.

"Yanzu inji na gudu, famfo na cika ta. Kalli allura, kar ka kalli ruwa!"

Mutanen bakin kogi suka watse, jakuna suka tsinke igiya. Ƙafar Bunu na sama da birki, duk jikinsa na ce masa taka. Allura ta motsa. Ta ɗan ɗaga. Ta ƙara.

"Baba, in taka?"

"Jira!"

Har Bunu ya fara ganin ƙusoshin jikin kwale-kwale.

"Yanzu! Sau ɗaya, ka danne, kar ka saki!"

Bunu ya taka da duk ƙarfin da Allah Ya ba shi. Tayoyi suka kama, motar ta ja ƙasa, ta ja, ta ja, ta tsaya cak. Tayoyin gaba na cikin ruwa, hancinta na taɓa wani kwale-kwale da mai shi ya riga ya yi tsalle ya faɗa kogi.

Sai kabbara ta ɓarke ta ko'ina. Mata suka diro suna kuka suna dariya a haɗe. Mai kwale-kwale ya fito jiƙe sharkaf yana neman hularsa.

Zarami ya sauko, ya ari ƙwarya wurin wata mai fura, ya rarrafa ƙarƙashin mota ya murɗa ɗan famfon da ke gindin tanki. Baƙin ruwa gauraye da mai ya zubo har ƙwarya ta cika. Ya miƙa wa Bunu a gaban kowa.

"Ga abin da ka ɗora mahaifiyarka a kai."

Kunya ta rufe Bunu, hawaye suka zubo masa. Ya cire hula ya durƙusa cikin taɓo. "Baba, ka yafe mini. Ka koya mini."

Inna Kulu ta gyara mayafi ta ce, "Auta, ashe dai akwai wuri."

Tun daga ranar, kowace safiya sai ka ga ƙafafun Bunu sun leƙo daga ƙarƙashin mota yana zubar da ruwa. In ya tada inji, ko wa ke gaggawa, ba ya motsawa sai allura ta kai inda ya kamata. Kujerar tsakiya kuwa, ranar kasuwar tsallake ba mai zama a kanta sai Baba Zarami.

Darasi: Ƙwarewarka ta jiya ba za ta tsayar da motar yau ba. In wanda ka raina ya gaya maka abin da ba ka sani ba, ka saurara tun kana tasha, kada ka bari sai kana gangare. Ku tura wannan labari ga direbobinku da duk wani ɗan'uwa da ke ganin ya gama sani, wataƙila ku ceci rai.