Jaririya Ɗaya, Masu Son Takwara Uku

Ku matso, yau sai kun raba mini gardama.

A wata ƙasa an yi wata mata, Uwani, matar Barau tela. Cikinta na fari yana wata huɗu jini ya ɓalle mata. Likita ya ce ko a cire cikin nan take, ko a rasa uwa da ɗa.

Yayar Uwani, Lantana, mai tuwo ce a kasuwa, bakinta ba ya mutuwa. Tun kafin wannan ciki, ita ta ja matan kasuwa suka yi ta sintiri a ofisoshi, har aka sa awon ciki da haihuwa da cire cikin da zai kashe uwa a inshorar lafiya ta ƙasar. Ita kuma ta tasa Uwani gaba da faɗa sai da ta yi rajista. Da ba don haka ba, Barau ko allura ba zai iya saya ba.

Maƙwabciyar Uwani, Tabawa, ungozoma ce. Ranar da jinin ya ɓalle, ta shigo ta tarar ana ɗura wa Uwani jiƙo, ta duba idonta ta ga ya yi fari fat. Ta yi fatali da ƙwaryar, ta goya ta har bakin titi.

A asibiti Uwani ta suma, Barau kuwa ya kafe, wai ba za a ce a gari ya yarda an zubar da ciki ba. Uwarsa Delu, wadda ta fi kowa ɗokin jika, ta kama kunnensa.

"Na fi ka son jikan nan," in ji ta. "Amma 'yar mutane ba za ta mutu a hannunmu ba. Ka amince, ko in ɗaga maka nono!"

Aka yi aiki, Uwani ta tashi. Da Allah ya sake ba ta rabo, ta haifi mace.

Nan fa kishi ya tashi, abin kunya, manyan mata! Kowacce so take a yi mata takwara. Lantana ta daina amsa gaisuwar Tabawa. Tabawa ta hana kowa yi wa jaririya wanka. Delu kuwa ta daina cin tuwon Lantana. Uwani na kuka, don duk wadda aka zaɓa, ta rasa biyu.

Gobe suna. To, wace ce a cikinsu za a yi wa takwara?