Kurege Shugaban Manyan Dawa

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo ku ji ta? To ku matso, amma mai tsoro ya riƙe hannun na kusa da shi.

Zaki ne ya tsufa, ya gaji da rigimar manyan ma'aikatansa uku: Kura mai kula da rumbun nama, Damisa mai tsaro, da Kada mai mashaya. Ya ce zai naɗa musu shugaba ya huta. Kurege ya ji cewa shugaba ne ke cin hanta a kowace farauta, sai ya je ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce shi zai iya. Kwaɗayi dai bai yi ba. Zaki ya ce, "Je ka, na ba ka."

Aka zauna taron farko. Kurege ya kawo shawara, duka suka ce, "Madalla, ranka ya daɗe." Ya kawo kishiyarta don ya gwada su, suka ce, "Madalla, ranka ya daɗe." Bakinsu na madalla, idonsu na kan cinyarsa.

Da aka tashi, Kura ta biyo shi ta bayan gida. Ta ce, "Damisa na shiga mini aiki. Ni ko shi?" Numfashinta na kaɗa masa gashin baki. Ya ce, "Haba Hajiya, ai ke ce hannun damana. Bayana ke za ki hau kujerar nan, amma kada kowa ya ji."

Damisa ya zo da ƙarar Kada, Kurege ya yi masa alkawarin kujerar shi ma. Kada ya zo da ƙarar Kura, shi ma Kurege ya faɗa masa haka. Kurege ya kwanta yana yaba wayonsa, sakaran.

Gari na wayewa sai ga Kura.

"Yaya jiki, ranka ya daɗe?"

"Lafiyata ƙalau."

"Ayya," in ji ta, ta tafi rai a ɓace.

Damisa ya zo duba jiki. Kada ma ya jawo ciki tun daga rafi ya zo duba jiki. Nan Kurege ya gane abin da ya yi: ya ba ƙatti uku dalilin son mutuwarsa. Tsoro ya kama shi, hantar ma ta fita daga ransa.

A taro na gaba suka zauna dab da tabarmarsa. Ya yi magana su matso, ya yi shiru su matso. Yawun Kura ya ɗiga masa a ƙafa. Sai ya ce, "Akwai dokar da Zaki ya ba ni. Wanda duk ya ci shugaba, ba shi ba kujera, ta sauran ce." Ƙarya yake yi, Zaki na can yana barci.

Kura ta haɗiye yawu ta ce, "Bismilla, Damisa."

"A'a Hajiya, ke ce babba."

"Kada, kai fa?"

"Ni azumi nake."

Suna ta wannan kara, Kurege na ta tonon ƙasa da ƙafafun baya a ƙarƙashin tabarma, fuskarsa na murmushi, gumi na zuba.

Can Kada, da ba ya yawan magana, ya ce, "To mu cije shi tare mana. In duka muka ci, wa Zaki zai ba in ba mu ba?"

Suka dubi juna. Suka ce, "Madalla." Wannan karon kuwa har zuci suka faɗa.

Baki uku suka buɗe lokaci guda. Kurege ya yaye tabarma ya faɗa rami, haƙora suka haɗu a kan gashin jelarsa. Ya yi ta nutsawa har ya daina jin warinsu, sannan ya ɗaga murya daga can ƙasa ya ce, "Taro ya tashi."

Kurunkus, kan kusu ya ƙone a toka. Duk wanda aka ba shugabancin manya, ya fara tona raminsa kafin ya shimfiɗa tabarma.