Zakaran da Aka Shafa wa Manja

Akwai wani mutum mai kiwon kaji a bayan gidansa. A cikin kajin akwai wani ƙaton zakara mai zanko a tsaye bisa kansa, ja wur kamar nunannen barkono. Mutumin nan yana ji da zakaran fiye da kima. In baƙo ya zo, kafin a kawo masa ruwan sha sai an zaga da shi bayan gida ya ga zakara. Da kaka ta yi, aka sanar da ranar godiya a majami'a, sai ya miƙe a gaban jama'a, ba wanda ya tambaye shi, ya ce shi zakaransa zai kawo wa Ubangiji.

A wannan ikkilisiya kuwa, kajin da aka kawo ranar godiya ba a yanka su, ba a sayar da su. Dattawa ne suke raba wa gwauraye, kowace ta kai gida ta yi kiwo.

Ana cikin makon godiya, matar mutumin ta fita da safe ta watsa wa kaji tsaba, zakara bai zo ba. Ta same shi a gindin rumbu ya takure, ya saki fukafukai, majina a hancinsa. Zankon nan ya kwanta gefe guda, ya yi duhu, gefensa har ya soma baƙi. Ta kama shi, ta ɗaga fiffikensa ta duba ko ƙuma ce, ba ta ga ko ɗaya ba. Sai ta kira mijinta.

Ta ce, "Maigida, zakaran nan ba shi da lafiya. Da a ce fari zankon ya yi, sai in ce ƙuma ce ko tsutsar ciki ke shan jininsa, mu yi masa wankan toka, mu share akurki, mu ba shi magani. Amma wannan baƙin daga ciki ya fito. Mu ware shi daga sauran, ka kira malamin dabbobi."

Mutumin ya ce, "In kira malamin dabbobi gari duka ya ji? Ni da na yi magana a gaban jama'a? Kawo mini manja."

Ta ce, "Manja magani ne?"

Ya ce, "Ban tambaye ki ba."

Ya ɗauko manja, ya zuba masa 'yar jar galura, ya dama da yatsa. Ya matse zakara a hammatarsa, ya bi zankon nan yana shafawa a hankali, har da leɓatun da ke ƙarƙashin baki. Ku duba irin haƙurin da mutum yake da shi wajen shirya ƙarya! Da rabin wannan ƙoƙarin ya sa wajen neman magani, da watakila zakara ya tashi.

Ranar Lahadi ya ƙara shafawa, ya ɗaure ƙafafun zakara, ya rungume shi zuwa majami'a. Zakaran da aka ɗaure, wa zai san ba ya iya tsayuwa? Ana waƙa, ana kaɗa tulu, ya taka har gaban bagade yana ɗaga shi sama, zanko yana ƙyalli. Mutane suka ce, "Kai, wannan bawan Allah ya ba da abu mai kyau." Shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar mai tawali'u.

Da aka tashi, dattawa suka ba wata tsohuwa gwauruwa zakaran. Tsohuwar nan 'yan kaji kaɗan gare ta, da ƙwansu take sayen gishiri da sabulu, take ciyar da jikokin da aka bar mata. Ba ta da zakara, kullum sai dai ta ari na maƙwabta. Ta karɓa da hannu biyu tana sa albarka, ta kai gida, ta kwance shi, ta sa shi cikin akurki tare da kajinta, su ci a kasko ɗaya, su sha a kasko ɗaya. Da ta ga ya yi laushi, ta ce ɗauri ne ya gajiyar da shi.

Washegari da sassafe mutumin nan da ƙafarsa ya je ya kira malamin dabbobi ya duba masa sauran kajinsa. Aka ƙone shimfiɗar akurki, aka wanke kasake, aka ba su magani, yawancinsu suka tsira. Ashe ya sani! Ya san cuta ce mai yaɗuwa, ya san gidan da aka kai zakaran, hanyar gidan malamin ma ta ƙofar tsohuwar ta bi. Ya wuce, ko sallama bai yi ba.

A gidan tsohuwa kuwa zakara ya ƙi ci. Ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi don ta goge masa majina, ta goga har kan zanko, sai ga tsumma ya yi ja, zanko ya fito baƙi ƙirin. Ta ware shi nan take, amma aikin gama ya gama. Kajinta suka bi juna suna faɗuwa, har da wadda take kwanci a kan ƙwai.

Ta ɗauki tsumman, ta tafi gidan mutumin, ta same shi a zaure. Ya ce, "Sannu da zuwa, Mama." Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Ɗana, cuta ta Allah ce, ba wanda ya fi ƙarfinta. Da ka ce mini ga zakara amma ba shi da lafiya, da na karɓa na gode, na ɗaure shi can gindin bishiya na yi jinyarsa. Jan nan da ka shafa, shi ya sa na buɗe masa akurkina."

Ta ajiye tsumman a gabansa ta fita.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: zanko shi ne alamar da Allah yake nunawa a fili don a san akwai ciwo a ciki. Zanko ba shi ne ciwon ba, mai kawo labari ne. In ka ga addu'a ta yi maka nauyi, fushi ya zama abincinka, ƙarya ta daina yi maka ɗaci a baki, to zankonka ya sauya. Magani sananne ne: ka yarda ba ka da lafiya, ka janye daga abin da zai shafi wasu, ka je wurin Ubangiji da tuba, ka nemi dattijon da zai faɗa maka gaskiya. Manja kuwa shi ne farar riga ta Lahadi, da doguwar addu'a a gaban mutane, da "Lafiya lau" da muke amsawa alhali zuciya tana ruɓewa.

Abin da yake ƙona mini rai shi ne, mai shafa manja yakan ce, "Ai rufin asirina nake yi, wa na cuta?" Ƙarya kake yi! Wanda ya gan ka ja wur shi ne zai ba ka 'ya'yansa ka koya musu, ya ba ka amanar gidansa, ya bi sawunka don yana tsammani hanyar Allah kake bi. Mugun da aka sani, ana kauce masa. Wanda ya shafa ja, shi ake buɗe wa ƙofa, kuma kusan kullum marasa ƙarfi ne suke buɗewa.

Kaji ana sake samu. 'Yan zumuntar mata suka haɗa wa tsohuwar nan 'yan tsaki, ta soma kiwo daga farko. Amma da shekara ta kewayo, dattawa suka kira sunanta a wurin rabon kajin godiya, sai ta naɗe hannuwanta cikin mayafi, ta ce a ba wata. Matar da ta tsufa tana gaskata duk abin da ya fito daga gaban bagade, yau tana tsoronsa. Wannan asarar, ku gaya mini, wa zai amsa ta a gaban Ubangiji?